Rantsuwar Zinatu Mai Sassaƙe

Duk macen da ta yi goyo a Birnin Malam a shekarun nan ta san gidan Malam Haliru mai albasa, kuma ba albasar ke kai ta ba. Matarsa Zinatu ake nema, mai maganin zawon yara. Gajera ce, baƙa, mai sanyin murya, sai mutum ya matso zai ji abin da take cewa. Tafin hannunta kullum da ɗan ja-ja kamar ta sa lalle ya koɗe, alhali rinin sassaƙe ne ya kama fatar tun tana budurwa.

A Jiga Makera aka haife ta. Tana shekara biyar aka kai ta riƙo wurin kakarta Balaraba, Allah ya jiƙanta, kuma a hannun tsohuwar ta koyi abin da ta sani. Ba da asuba suke fita daji ba, sai hantsi ya ɗaga raɓa ta bushe. In sun iske marke, tsohuwa ta yi bisimilla, ta ɗan sassaƙa ta gabas, ta zaga ta ɗan sassaƙa ta yamma, ba ta taɓa zagaye itace da gatari. Sai ta ce wa Zinatu ta kwaɓo laka ta shafe wurin, don itacen ya warke su same shi baɗi. Ganyen sabara kuwa na tsakiyar reshe ake tsinka, ba toho ba, ba tsoho ba. A inuwa ake shanya su, kan zana, ana juyawa. Tsohuwar ba ta bayani da baki. Yi take, yarinya na kallo, har hannun yarinyar ya iya abin da bakinta bai taɓa faɗa ba.

Da aka kawo ta Birnin Malam amarya, da tukunyar kakarta ta zo cikin kaya, wata baƙar tukunyar ƙasa mai ɗan tsage a baki. Ta haifi shida, huɗu suka rayu. Malam Haliru mutum ne mai haƙuri, rabin ransa na fadama wurin albasa, kuma bai taɓa hana mata shigowa gidansa ba ko da tsakar rana ce yana hutawa. Abin da ya sa aka yarda da Zinatu, ba ta ƙarya a kan ciwo. In aka miƙo mata yaro, takan taɓa maɗigarsa, ta duba idonsa, ta ɗan ja fatar cikinsa. In ta ga maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, sai ta mayar wa uwar da ɗanta ta ce, “Wanga ba nawa ba ne. Ki tashi yanzu ki kai shi asibitin Jega, ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya.” Wasu su ji haushi, amma su tafi. Shi ya sa in ta ce za ta iya, uwa takan koma gida da kwanciyar rai.

Shekara biyu da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, an gama yankan gero ana dashen albasa, wata yarinya ta yi sallama da jaka a kafaɗa. Humaira sunanta, 'yar Aliero ce, tana karatun haɗa magunguna a jami'a a Sakkwato. Ta durƙusa ta gaida Zinatu yadda ya kamata, ta sha ruwa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. An ba ta aikin ta ɗauki maganin gargajiya guda ɗaya ta bincike shi, a ga ko yana aiki, da abin da ke cikinsa mai aikin, a rubuta. Ta je wurin masu magani uku kafin nan. Ɗaya ya ce sai ya yi istihara, ɗaya ya ba ta wani gari a ƙunshe ya ƙi faɗin sunan itacen, na ukun ya ce ba ya gida alhali tana jin tarinsa.

Kaltume na zaune a wurin tana tsince wake. Taubashiyar Zinatu ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Ta ce, “Ke ɗiyar boko, kin zaka ki kwashe muna asiri ki kai wa Turawa su sa a kwalba su maido muna, ko? Zinatu, in kina da hankali ki ba ta ganyen kuka ta tahi.”

Zinatu ta ce wa yarinyar ta dawo gobe. Ta jira Malam Haliru ya dawo daga fadama ta gaya masa. Ya ce, “Abinki ne. Mi zuciyarki ta ce?” Ta ce zuciyarta ta ce abin da ke tsayar da cikin jinjiri ba na ɓoyewa ba ne, ita ma ba saye ta yi ba.

Washegari ta ɗauki Humaira zuwa daji ta nuna mata komai. Yarinyar ta tsinki reshen sabara ta shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, ta danne da katako biyu ta ɗaure, Zinatu na kallo tana mamakin ganye da aka yi wa shimfiɗa kamar jariri. Da suka dawo Humaira ta buɗe littafi ta ce, “Inna, mi da mi ake sawa?”

“Ganyen sabara tafi biyu. Sassaƙen marke kamar tsawon yatsa uku. Ruwa ƙwarya ɗaya. A tafasa har ya koma rabi.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, ɗiyata.”

Ta cika mata buhu biyu, ɗaya ganye ɗaya sassaƙe, ta ƙara mata da albasa ta kai wa uwarta, duk da ta san Aliero ba a rasa albasa.

Sai bayan ƙaramar salla Humaira ta dawo, ana cirar albasa, zafi ya sauko. Tun daga sallamarta Zinatu ta san ba daɗi. Yarinyar ta zauna bakin tabarma tana murza gefen mayafinta. Ta ce ta yi yadda aka gaya mata. Suna da fararen ɓeraye da ake kiwo don gwaji, ana ba su man zurma cikinsu ya ɓare, sannan a ba wasu magani a bar wasu, a ga bambanci. Ta gwada sau uku. Waɗanda suka sha maganin da waɗanda ba su sha ba kusan duk ɗaya.

“Kusu?” in ji Kaltume, wadda ta leƙo ta katanga sannan ta zagayo. “Maganin kaka Balaraba kuka ba kusu? To ai dole shi yi hushi shi ƙi aiki.”

Humaira ba ta yi dariya ba. Ta ce malaminta, Dakta Abdulwahab, ya ce abu biyu ne. Ko dai ta rubuta cewa an gwada maganin ba ya komai, ko kuwa an rage mata wani abu, don shi a saninsa masu magani ba sa ba da abu duka, sukan riƙe guda. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Inna, ki gafarce ni. Ko akwai abin da kika rage?”

Zinatu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ita da ko a ciniki ba ta rantsuwa, sai ta ji bakinta ya ce, “Wallahi ban rage miki komai ba.” Humaira ta ba da haƙuri, ta ce tana da wata guda kafin ta miƙa rubutun, ta tafi.

Kwana uku bayan haka aka yi suna a unguwar, gidan Isa mai tura ruwa. Zinatu na shiga mata suka ɗauki shewa. Ashe Kaltume ta riga ta baza labari, kuma yadda ta ga dama ta baza shi. Wata ta ce, “Inna Zinatu, ashe ke ma kin iya! Kin yi muna daidai, kin ba 'yan boko ganye kin riƙe sirrin.” Wata ta ce, “Har da rantsuwa ta yi mata, ta tahi tana share hawaye.” Aka yi ta dariya ana tafa mata baya, ana tura mata kwanon waina.

Ta kasa ci. Da zaginta suka yi da ya fi mata sauƙi. Shekara talatin ana kawo mata yara saboda an san ba ta faɗin abin da ba shi ba, yau ga shi ana yaba mata a kan ta iya rantsuwar ƙarya. In kuwa ta ce ba ta riƙe komai ba, to maganin kakarta ne ba ya aiki, kuma haka za a rubuta a ajiye a Sakkwato. Ta san yaran da ta ba suka tashi, ta san sunayensu, wasu har sun yi aure. Amma ta san kuma yaro kan warke don kansa in Allah ya so. Ta yi kwanaki tana juya wannan a ranta, in ta idar da salla ta daɗe zaune kan buzu.

Ran nan da safe ta kai wa Malam Haliru kunu ta ce, “Malam, ina son ka bar ni in tahi Sakkwato in ga yadda yarinyar nan ke dahwa abin nan. Ko hannunta ne, ko nawa, ko kuwa dai ba ya aikin. Ina son in sani.”

Ya dube ta ya ce, “Ke da ko Jega sai an ja ki? To, Allah shi kiyaye hanya. Ki tahi da Kaltume, ita ta ɗaura wagga magana, ta je ta ga ƙarshenta.”

Aka aika wa Humaira ta bakin wani ɗan'uwan yarinyar mai kai albasa Sakkwato. Ranar tafiya Zinatu ta naɗe tukunyar kakarta cikin tsohon zane ta rungume ta a cinya tun daga tashar Jega har suka wuce Tambuwal, Kaltume na cewa duk motar an ɗauka jinjiri ne mai baƙin kai.

Humaira ta tarbe su a bakin ƙofar jami'a ta shiga da su wani dogon ɗaki mai warin asibiti. Kwalabe ko'ina, manya da ƙanana, wasu masu dogon wuya kamar zalɓe. A ɗaki na gaba ɓerayen suke cikin keji, farare tas da jajayen idanu, ga abinci ga ruwa. Kaltume ta riƙe haɓa ta ce, “Kusu da ɗaki nai, da fanka! Ni da aka haifa mutum ko mahuci sai na ara.” Zinatu kuwa tausayinsu ta ji. Ta ce, “Allah Sarki, ana sa musu ciwo da gangan.” Humaira ta ce gara a gwada a kansu da a gwada a kan ɗan mutum, Zinatu ta ga gaskiyarta.

Sai Humaira ta ɗauko wata kwalba daga firji ta ce ga maganin, ta dafa shi daidai yadda aka faɗa mata, da ruwan da aka tace har ba ya da ɗanɗano. Zinatu ta ɗaga kwalbar ta duba ta wajen taga. Ruwan fatsi-fatsi, kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Ta buɗe ta shinshina, ta ɗiga a harshe.

“Wanga ba maganina ba ne.”

“Inna, ganyenki ne, sassaƙenki ne.”

“Na ji. Amma nawa ja ne wur, har yana son shi yi baƙi, kuma shina da santsi a harshe. Samo min itace da duwatsu uku.”

A bayan ginin, gindin wata bishiyar dogon yaro, suka haɗa murhu. Masu fararen riguna suka fara leƙowa ta taga. Zinatu ta ɗauraye tukunya, ta yi bisimilla, ta zuba ganye tafi biyu, ta karya sassaƙe, ta juye ruwa. Humaira na tsugune gefenta da littafi, idonta a kan hannun tsohuwar. Da ruwan ya fara motsi, Zinatu na cikin ba Kaltume amsar wata tsiya, hannunta ya tafi haɓar zanenta ya kwance ƙulli, ya ɓantaro wani ɗan abu, zai jefa.

Humaira ta cafke wuyan hannun. “Inna, tsaya! Mi ne wannan?”

Zinatu ta dubi yatsunta kamar na wata. “Jar kanwa ce mana.”

“Ba ki hwaɗa min da kanwa ba.”

“Kanwa ai ba magani ba ce, ɗiyata. Wa ke ɗora ganye a wuta ba kanwa? Ba ki sa ba?”

“Ban sa ba. Abin da kika ce shi na rubuta.”

Kaltume ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye. “Wayyo cikina! Wata huɗu ana ba kusu ruwan banza! Ke Humaira, wace mata ta raine ki, ba ki san ganye na son kanwa ba? Ke kuma malama mai rantsuwa, ina wallahin taki?”

Zinatu ba ta ji dariyar ba. Ta rantse da Allah ba ta rage komai ba, ga abin da ta rage a tsakanin yatsunta.

Humaira kuwa ta ruga ciki ta dawo da Dakta Abdulwahab, wani dogo mai furfura a gemu. Aka jefa kanwar a gabansa. Kafin a jima ruwan ya juye ya yi ja, kumfa ta taso. Ya ɗauko wata 'yar siririyar takarda ya tsoma a na tukunya, ya tsoma wata a na kwalba, kowace ta fito da launinta daban. Ya ce kanwa kan canza ruwa, ta sa ya jawo daga jikin ganye abin da ruwa zalla ba zai jawo ba, don haka abin da aka gwada wata huɗu wani abu ne daban. Ya tambaye ta yawan kanwar da take sawa. Ta ce ita ba ta sani ba, hannunta ya sani. Sai ya sa ta ɓantaro sau biyar, aka ɗora kowanne a kan wani ɗan sikeli da ke cikin gilashi. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce duk biyar ɗin kusan nauyinsu ɗaya.

Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Ya ce, “Inna, ni na ce kin ɓoye. Ki yafe min. Mu ne ba mu iya tambaya ba, da mun zauna mun kalli hannunki tun farko.”

Ta ce, “Ba komai, Malam. Ni ma ban iya ba da amsa ba.”

Da suka koma gida ba ta ko huta ba ta roƙi Malam Haliru ya je wurin Malam Jibrilla limamin unguwa ya tambayo mata hukuncin rantsuwarta. Ya dawo ya ce liman ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya haƙiƙance gaskiya ne, daga baya ya ga ba haka ba, babu kaffara a kansa. Ta yi hamdala. Duk da haka ta ɗauki azumi uku cikin wannan zafin, ta ce na godiya ne, Malam Haliru bai ja da ita ba.

Saura matan unguwa. Ba ta jira wani taro ba, gida gida ta bi da yamma, tana zama kaɗan ta ce, “Abin da aka ce na riƙe wa yarinyar nan sirri, ba haka ba ne. Mantuwa na yi. Kanwa ce ban hwaɗa mata ba, yanzu na hwaɗa.” Wasu ba su so hakan ba, labarin farko ya fi musu daɗi. Wata ma cewa ta yi, “Haba Inna, da kin bar mu da murnarmu.” Amma kafin mako ya zagayo maganar wayon Zinatu ta mutu, aka koma ba da labarin ɓeraye masu fanka, wanda Kaltume ke ƙara wa gishiri kullum.

An ba Humaira ƙarin lokaci. Farkon damina ta zo, wannan karon tun daga zaure ake jin muryarta. Ta ce da aka dafa da kanwa, ɓerayen da suka sha cikinsu ya fi saurin tsayawa a kan waɗanda ba su sha ba. Ba duka ba, kuma ta ce da sauran aiki mai yawa, don ɓera ba yaro ba ne, kuma har yanzu ba su ware abin da ke aikin ba. Ta kuma roƙi Zinatu kada ta yarda uwaye su riƙa ƙara kanwa da kansu a gida, don yawanta ba ya yi wa ƙaramin yaro kyau. Zinatu ta ce ta ji, kuma daga ranar ta daina ba da ganye a tafi da shi, sai dafaffe. Humaira ta buɗe rubutun ta karanta mata shafin da aka sa sunanta da na kakarta Balaraba ta Jiga Makera. Zinatu ba ta iya boko ba, amma ta ɗora yatsa a wurin ta ɗan daɗe, ta yi wa tsohuwar addu'a.

Bayan Humaira wasu ɗalibai sun zo, don an riƙa turo su. Duk wanda ya buɗe littafi ya ce mi ake sawa, sai Zinatu ta ce ya rufe tukuna ya zauna ya kalla. In ta gama sai ta fara lissafa masa, ganye, sassaƙe, kanwa da kasuwar da ta saye ta, rijiyar da aka ɗebo ruwan, irin itacen da ta hura, har da cewa tukunyar ta ƙasa ce kuma tana da tsage. In ɗalibi ya gaji ya ajiye biro, takan ce, “Rubuta dai, ɗana. Ni ban san wanne ne ba ya da amfani ba, ku za ku gano.” Tana nan har yau a gidan, ƙafa ta yi nauyi, 'yarta Aminatu ke fita daji, ita kuma tana bakin murhu.